Ba Ni Malami Ya Yi Wa Waƙa Ba

Masu karatu, ku gyara zama. Na san akwai tsofaffin matan Illela da har gobe in an taɓo zancen nan sai su ce, "Ai Luba ce ta tona wa ɗan mutane asiri." To yau ku ji shi daga bakin Luban da kanta, sannan ku yanke hukuncinku. Ni dai na daɗe da yanke nawa. Da za a mayar da ni ranar, abin da na yi shi zan ƙara yi, ba zan rage ko kalma ɗaya ba.

Sunana Lubabatu, 'yar Alhaji Idi mai atamfa. Abin ya faru ne a shekarar da aka sake buɗe iyaka, bayan doguwar rufewar nan da ta sa 'yan kasuwarmu suka zauna suna kallon juna. Baba ya koma zirga-zirgarsa tsakanin Illela da Kwanni ta Nijar, gidanmu ya sake cika da ƙamshin sabon zane, Inna ta sake samun ƙarfin yin faɗa. Ina da shekara goma sha tara, na gama makarantar horon malamai ta mata, kuma ba yabon kai ba, in na ɗaura ɗankwali na sa kwalli na bi ta bakin kasuwa, har masu awon gero sai sun ɓata lissafi.

Wanda nake so sunansa Malami. Ɗan Alhaji Yari ne, magatakarda a ofishin hakimi, mutanen birnin Sakkwato da aiki ya kawo garinmu. Malami yana koyarwa a firamaren Garu. Dogo ne, baƙi, mai wushirya, kullum cikin farin kaftani mai karin guga, hula a karkace, ga jan babur da tun daga kan kwana nake gane kukansa. Ga ba'a. In ya zauna zaurenmu yana kwaikwayon yadda hedimastansu yake tari kafin ya yi ƙarya, sai ka ji Inna daga tsakar gida tana ƙyalƙyala dariya, in na shigo kuma ta ɗaure fuska ta ce ita da akuya take. Yana tsara waƙa, irin ta baiti, ba ganga ba kalangu, don gidansu ba gidan da za a ji ɗansu ya bi makaɗa ba ne.

An riga an kai gaisuwar iyaye, an kawo akwatin na-gani-ina-so, an ce sa rana sai an gama kaka. Inna har ta fara jera kwanoni da langa a ƙarƙashin gadonta. Babu mai tilasta ni, babu mai hana ni. Kowa cewa yake na yi sa'a.

Wata ranar Juma'a da la'asar ya zo, ya miƙo mini wani abu a naɗe cikin hankici mai ƙamshin turare.

"Mi ne?" na ce.

"Kaset ne. Waƙa na yi. Ki ji ke kaɗai."

"Tawa ce?"

Ya yi murmushi yana kallon tabarma. "Ke na ba."

Ku lura da amsar nan, masu karatu. Ni a ranar ban lura ba. Daɗi ne ya cika ni, na ce yau ni ma an yi mini waƙa.

"Ke kaɗai" ɗin nan bai yiwu ba, don ina da ƙawa Zuwaira, maƙwabciyarmu, wadda katanga ba ta taɓa hana ta jin komai ba. Kafin in gama shanya baturan rikodar Baba a rana don su farfaɗo, ta riga ta shigo ta haye gadona. Muka sa kaset. Aka ɗan ji shuuu, sannan muryarsa ta fito, a hankali, mai sanyi, kamar yana tsoron tada wani daga barci:

*Tauraruwa, bar jirana a bakin hanya,*
*Tafiyar da za ni ba ta son guzuri.*
*Rana ta fito wa kowa, ni ban gan ta ba,*
*Dariyata aro ce, mai ita ya zo karɓa.*
*Na yi nauyi a kaina, na yi nauyi a kanku,*
*In kun ji shiru a ɗakina, ku ce ya huta.*

Akwai wasu baitocin, amma waɗannan ne yake ta maimaitawa.

Zuwaira ta buga cinya ta yi guɗa. "Wayyo Luba, kin kashe ɗan mutane da so! Rana ba ta fito mishi ba don bai ga fuskarki ba. Tafiyar da ba ta son guzuri kuwa, ai gidanku ce, tunda in ya zo Inna na dama mishi fura."

"Shirun ɗaki fa?" na ce ina rufe fuska.

"Ke ma kin sani, munafuka. Ran da anka kai amarya wa ke jin motsin ango?"

Muka yi ta dariya har cikina ya ƙulle. Ta roƙe ni aron kaset ɗin na kwana ɗaya, na ba ta, don ina son a ji. Ita kuma ta kai wa mai kwafar kaset na bakin tasha. Kafin wata ya mutu waƙar ta gama gari. Masu shayi na sa ta, direbobin Kwanni na sa ta, mata na daka da ita. In na wuce sai 'yan mata su ɗaga murya, "Tauraruwa, bar jirana!" Ni kuwa in ƙara gyara gyale ina tafiya kamar ba ni taka ƙasa.

Da Malami ya ji waƙarsa a bakin duniya bai yi fushi ba. Cewa kawai ya yi, "Ashe tana da daɗi." Ya yi dariya, dariyar ta fi ta kullum ƙara.

A gidan wani biki a unguwarmu kunnena ya buɗe. Ranar ƙunshi ce, muna zaune a inuwar darbejiya, ƙafafuna a naɗe da lalle ba damar tashi. 'Yan mata suka yi da'ira suna tafi suna rera waƙar da sauri-sauri, suna juyi. Wata mai ƙaramar murya ta ja baitin, *Na yi nauyi a kaina, na yi nauyi a kanku,* sauran suka amsa da shewa.

Sai na ji tsigar jikina ta tashi.

Muryarsa ce ta rufe mini kunne a baya. Da kalmomin suka fito daga wani bakin, ba taushin nan, sai na ji su tsirara. Kuma na taɓa jin su. Ba a waƙa ba, a ɗakin jego.

Dole in gaya muku wani abu da gidanmu ba ya son a faɗa. Yayata Ummu, bayan ta haifi ɗanta na fari, ta shiga wani hali. Ba zazzaɓi ba, ba ciwon kai ba. Ta daina cin abinci, ta daina barci, in an miƙa mata jariri sai ta riƙe shi kamar ajiyar wani. In baƙi sun zo barka ta yi musu murmushi, suna fita fuskar ta mutu. Ni aka tura in zauna da ita. Wata rana ina taje mata kai ta ce, "Luba, nauyi nike muku. Da ba ni, da kowa ya huta." Washegari ta fara raba kwanoninta na aure. Allah ya sa mijinta mai hankali ne. Shi da Baba suka kai ta wajen wani likita a Sakkwato, ana magani ana addu'a, har Allah ya dawo mana da ita. A gida kuwa aka ce iska ce ta buge ta, aka rufe zancen ruf.

Ban jira lallen ya kama ba. Na kwance ƙunshin, ƙawaye na ta ihu na ɓata ado, na wanke ƙafa na ɗauki rikoda na nufi gidan Yaya Ummu.

Na same ta tana tankaɗe a ƙofar ɗaki, ɗanta na wasa da murfin tukunya. Ita ba mai yawo ba ce, ta dai ji ana rera waƙar daga nesa, ba ta taɓa tsayawa ta saurara ba.

"Yaya, ki ji wagga waƙa, amma kada ki ji muryar. Ki ji maganar."

Na danna. Ta ci gaba da kaɗa rariya har aka zo *Rana ta fito wa kowa, ni ban gan ta ba.* Nan hannunta ya tsaya. Da aka zo dariyar aro sai ta ajiye rariyar a kan faifai. Ba ta yi kuka ba. Ta bari har kaset ya ƙare da kansa.

"Haka abin yake," ta ce. "Wallahi haka yake. Ka ga rana da idonka, amma ba ta shiga cikinka." Ta dube ni. "Shina cin abinci?"

Na tuna kaftaninsa da ya fara yi masa yawa a kafaɗa. Na tuna furar Inna da yake kurɓa sau ɗaya ya ture.

"Ya fara rabon kaya nai?" ta sake tambaya.

Zuwansa biyu na baya da ƙafa ya zo. Na tambaye shi babur, ya ce ya bar wa ƙaninsa, wai tafiyar ƙasa ta fi lafiya. Ya kawo mini littattafansa na kwaleji ya ce zan fi shi amfani da su. Kuma da zai tafi ya ce, "Luba, ki yafe mini." Na ce me ka yi mini? Ya ce ba komai, ai ɗan Adam ne. Ni sarauniyar wayo na ɗauka ladabi ne.

"Yaya, mi za ni yi?"

"Ki tambaye shi. Kai tsaye, ba kwana-kwana. Ni da wani ya tambaye ni tun farko da ban kai inda na kai ba. Kowa tsoron kalmar yake, sai ka zauna da ita kai kaɗai."

Baba yana Kwanni, sai na fara da Inna. Na same ta a madafa tana kaɗa miyar kuka. Ban gama ba ta juyo da maburgi a hannu.

"A'uzubillahi! Ke wace irin ɗiya ce? An yi miki waƙa gari ya ɗauka, ke kuma kin zauna kina tonon mugun abu a ciki. Mi ya rasa? Ga aiki, ga asali, ga aure na zuwa."

"Inna, Yaya Ummu mi ta rasa? Ga miji, ga ɗa namiji."

Idonta ya kaɗa. "Kada in ƙara jin wanga zance a bakinki. Kin san gidan da yaron ya fito? Ki je ki ce ɗan Alhaji Yari na son halaka kai nai, Musulmi ɗan Musulmi, malamin makaranta? Auren ne ba ki so, ki faɗa mini."

"Ina so, Inna. Shi ya sa."

"To ki kama bakinki har a ɗaura."

Ban saba mayar wa Inna magana ba. Amma a zuciyata na ce, in na kama bakina, da wa za a ɗaura?

Washegari Juma'a, ranar zuwansa. Na yi wanka na sa atamfata shuɗiya mai zanen ganye, wadda ya taɓa cewa tana yi mini kyau, na fesa turare. Ba don kwalliya ba. So nake ya ga Lubar da ya sani, kada ya tsorata. Yaya Ummu ta zo da sunan karɓar daddawa, ta zauna bayan ƙofar zaure ta cikin gida.

Ya yi sallama bayan la'asar, ƙura a takalmansa. Ya zauna, ya fara ba ni labarin wani ɗalibinsa da ya kawo zabuwa aji a cikin riga. Yana yi yana dariya. Na dube shi sosai, karo na farko cikin watanni ba da idon budurwa ba. Bakin ne kawai yake dariya. Idanun sun faɗa, sun yi ja, kamar na wanda ya kwana yana tuƙi.

Na tashi daga inda nake na koma bakin ƙofar waje na zauna, na tare ta.

"Lafiya?" ya ce.

"Malami, na saurari waƙarka."

"Ai gari duka ya saurara."

"Gari ya yi rawa da ita. Ni saurara na yi. Ba ni ka yi wa ba." Na dube shi ido cikin ido. "Ina za ka, da ba a son guzuri?"

"Haba Luba, waƙa ce. Mawaƙi na faɗin abin da..."

"Kana tunanin kashe kanka?"

Na zaci zai tashi ya zage ni, ko ya ce na yi masa ƙazafi. Na shirya wa duka biyun. Sai kawai ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa, kafaɗunsa suka sauka kamar an sauke masa buhu, ya fara kuka ba sauti.

Ban matsa ba, ban ce ya yi haƙuri ba. Na bar shi.

Can ya ce, "Ina salla, Luba. Wallahi ina yi. Ina roƙon Allah ya cire mini. Na san haramun ne, na san makomar mai yi, ni ke koya wa yara. Amma in gari ya waye sai in ji kamar an ɗora mini dutse a ƙirji. Ban san mi ya same ni ba. Ba wanda ya yi mini komai. Abin da ya fi ci mini rai ke nan, ba ni da dalilin da za ni faɗa."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin damina. In na shiga aji in yi ta ba su dariya, in na fito in rasa ƙarfin tada babur. Sai na ga in anka ɗaura mana aure na cuce ki. Ki shigo gida da murna ki tarar da kango."

"Ka sa lokaci?" Ban san inda na samo ƙarfin tambayar ba.

"Na ce sai na gama duba jarrabawar yara, kada in bar su a rataye." Ya share fuska. "Jiya na miƙa."

Muryata ba ta yi rawa ba. Wannan kam ina alfahari da shi har yau.

"To ka ji ni da kyau. Ba ka fita zauren nan kai kaɗai. In ka ga ka fita, to ta kaina ka taka."

"Luba, kada ki gaya wa kowa. Don Allah. Baba in ya ji..."

"Ba ni yi maka wanga alkawari. Ka roƙe ni komai ban da shi."

Sai muryar Yaya Ummu ta fito daga bayan ƙofa, a natse. "Malami, Ummu ce. Ka yi haƙuri, na ji komai. Dutsen da kake faɗi na san shi, a ƙirjina ya kwana wata da watanni. Ni ma na ce nauyi nike. Ni ma na raba kayana. Ba rashin imani ba ne, ba hauka ba ne, ciwo ne kamar kowane ciwo, kuma shi ke yi maka ƙarya a kunne cewa kowa zai huta. Akwai likita, akwai magani. Ga ni nan ina tankaɗe ina faɗa da ɗana. Ban zaci za ni sake jin daɗin tuwo ba, amma na ji."

Ya ɗago kai ya dubi ƙofar kamar bai taɓa ganin ƙofa ba. "Ke, Yaya Ummu?"

"Ni. Wa ka fi yarda da shi a danginku?"

Ya ce, "Kawu Na'Allah."

Ƙanin mahaifiyarsa ne, malamin gona, mutum mai sanyin hali da ke zaune bayan masallacin Juma'a. Babu wanda ya kawo sunan Alhaji Yari, don shi mutum ne da in ka ce masa kanka na ciwo zai tambaye ka ko ka samu jam'in asuba. Yaya Ummu ta yafa mayafi ta fita ta gefena. Ni kuwa na zauna daram. Na miƙa masa kwanon fura na ce sai ya sha. Ya ce ba ya iyawa. Na ce ludayi uku, ina kallo. Ya sha. Inna ta leƙo sau ɗaya, ta ga fuskarsa, ta koma ciki.

Kawu Na'Allah ya zo da wandonsa a naɗe, daga lambu aka ɗauko shi. Bai yi wa'azi ba, bai yi salati da ƙarfi ba. Ya zauna a tabarma gab da Malami, ya kama hannunsa ya riƙe.

"Ɗana, yau ɗakina za ka kwana, kusa da ni. Gobe mu tafi birni. Sauran magana ka bar mini."

Da za su fita na tashi daga bakin ƙofa. Malami ya wuce bai dube ni ba. Ya yi mini zafi, ba zan ɓoye muku ba. Na shiga ɗaki na cire ɗankwali na yi kukan da na riƙe tun la'asar.

Da safe suka hau motar Sakkwato, su biyu da mijin Yaya Ummu, wanda ya san hanyar likitan.

Illela kuwa ba ta iya riƙe magana. Wani ya gan su a tasha, wani direba ya ga inda suka sauka. Kafin kasuwar Lahadi ta watse an ce Malami ya haukace an ɗaure shi. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce ni na yi masa don in mallake shi ya wuce gona. Masu shayi suka daina sa kaset. Zuwaira ta shigo tana sharɓar hawaye.

"Luba, mun yi ta rawa da kukan mutum! Ni na kai a kwafa."

"Da ba ki kai ba da ban ji ta a bakin wasu ba," na ce. "Share hawayenki."

Sai ga saƙo daga gidan Alhaji Yari, ta bakin wata tsohuwa da ta ƙi ko zama. Wai ɗansa lafiya lau yake, gajiyar aiki ce, 'yar 'yan kasuwa ce ta ɗora masa hauka ta ɓata sunan gida. Wai yana son a kawo masa mai bakin da ya faɗa, ta maimaita a gabansa. Tsohuwa na fita Inna ta jawo akwatin na-gani-ina-so daga bayan gado ta ajiye a tsakar gida.

"Tun da mutunci a maida musu. Ga uba na zagi, ga ɗa ba lafiya. Ba ni kai ɗiyata inda za ta kwana da ido ɗaya."

Kwanaki kaɗan bayan haka Kawu Na'Allah ya dawo, ranar da Baba ma ya sauka daga Kwanni. A zaure suka zauna, aka kira ni na durƙusa daga gefe. Kawu ya ce likita ya gan shi, ya ce ciwon damuwa ne mai tsanani, mai iya tafiya ya dawo, ya ɗora shi a kan magani, zai zauna gidan dangi a birni ana sa masa ido. Ya ce Malami ya yi barci har hantsi, abin da ya daɗe bai yi ba, kuma ya fara cin abinci.

"Kwanan farko," in ji Kawu, "ya ce kada a kira mishi sunanki."

"Ba komai, Kawu. Ya yi fushi da ni yana numfashi, ya fi mini."

Kawu ya yi ɗan murmushi. "Jiya kuma da za ni taho, ya biyo ni har ƙofa. Ya ce in duba mishi ko har yanzu kina nan."

Na sunkuyar da kai don kada Baba ya ga idona.

Da Kawu ya tafi, Baba ya shigo tsakar gida ya tsaya a kan akwatin. Babana ba mai yawan magana ba ne, a ciniki ma sai ya bar mai saye ya gama surutu. Inna ta zayyana masa komai, har da saƙon tsohuwa. Ya saurara, sannan ya juyo gare ni.

"Lubabatu, likita ya ce abin na iya tafiya ya dawo. Kin ji?"

"Na ji, Baba."

"Mutane za su ce kin auri mai taɓin hankali. Za su faɗa a bayanki, za su faɗa a gabanki."

"Sun riga sun fara."

"In kin ce a maida akwati, yanzu za a maida, ba mai ganin laifinki. In kin ce a bari, to ki san mi kika ɗauka."

"Baba, ran da kunka kai Yaya Ummu birni, haka likita ya gaya wa mijinta. Bai maido muku ita ba. Ban ce a ɗaura gobe ba, ya warke tukuna, ya faɗa da bakinsa yana cikin hayyacinsa. Amma ba ni son ya ji labari a gadon jinya cewa ran da ya faɗi gaskiya ranar anka maida mishi kaya."

Inna ta dafe ƙirji. Baba ya daɗe yana shafa gemu.

"Tasalla," ya ce wa Inna, "mayar da akwatin nan inda kika ɗauko shi."

"Alhaji!"

"Ki mayar." Ya gyara babbar rigarsa a kafaɗa. "Ke kuma ɗauko mayafinki. Alhaji Yari ya ce a kawo mishi mai bakin. To za ni kai mishi ita, amma da ubanta."

Muka fita da rana tsaka, Baba a gaba ina biye. Muka ratsa ta bakin tasha, masu shayi suka bi mu da ido, wata mai tallan ƙosai ta taɓo ta kusa da ita. Ban sauke kaina ba. Da muka isa ƙofar gidan Alhaji Yari sai na ga takalma jere a bakin zaure, na manyan mutane, har da sandar liman a jingine. Ashe ba shi kaɗai yake jirana ba, taro ya yi mini.

Baba ya yi sallama, aka amsa daga ciki da murya mai kauri. Ya juyo ya dube ni.

"Kina tsoro?"

"A'a, Baba."

Na tuɓe takalmina, na ajiye su a tsakiyar na mazan, na yi bisimilla na shiga. Abin da na faɗa a zaurenmu shi na maimaita a gabansu, ban rage ko kalma ɗaya ba.